Kifin Garke da Ruwan Bompai

Akwatin gilashi mai ruwa da kifi ya shigo Kano da ƙafar dama. Duk mai zirga-zirga a Bompai ya san haka. A ɗakin karɓar baƙi na kamfanoni, da otal-otal da gidajen abinci, da ɗakin jira na asibitocin kuɗi, da falon gidajen da ke bayan dogayen katangu, za ka tarar da shi jingine da bango, fitila na ci a samansa, kumfa na tasowa daga ƙasa. Abu ne mai kyan gani, kuma ina cikin masu murna da yaɗuwarsa. Abin da ke damuna shi ne halin da mazauna cikinsa ke ciki.

Sau da yawa ƙananan kifaye ne uku ko huɗu, kowanne da irinsa, sun raɓe a bayan dutse ko a gindin matatar ruwa, launinsu ya koɗe. Ka dawo bayan wata guda, babu su, an zuba wasu. Idan ka tambayi masinja ko mai shara, wanda galibi shi ake ɗora wa kula da su ba tare da an nuna masa komai ba, sai ya ce maka, "Ranka ya daɗe, ai haka suke, ba sa daɗewa." Ba laifinsa ba ne, abin da ya gani ya faɗa. Amma maganar ba haka take ba. Waɗannan ƙananan kifaye suna iya yin shekara uku zuwa biyar idan an riƙe su yadda ya kamata. Abu biyu ke kashe su a hannunmu: raba su da 'yan uwansu, da barin ruwansu ya lalace. Ni a ganina wanda bai shirya sayen garke guda ba, kuma bai shirya yi wa ruwa hidima duk mako ba, ya bar kifin nan a kasuwa.

Mafi yawan ƙananan kifayen ado da ake kawo mana, irin su tetra da daniyo da bab da rasbora, kifayen garke ne. A rafukan da suka fito ba a ganinsu ɗaiɗai. Suna tafiya tare, su juya tare, su ci tare. Dalilin a fili yake. Kifin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba abincin kowa ne: babban kifi na harinsa daga ƙasa, tsuntsu na jiransa daga sama. Ba shi da ƙaya irin ta kurungu, ba shi da wuta irin ta minjirya. Yawa ne kaɗai makaminsa. Idanu ɗari sun fi biyu saurin hango haɗari, kuma idan tsage ya afka wa garke, jikuna masu walƙiya da suka tarwatse lokaci guda sukan rikita shi har ya rasa wanda zai bi. Allah ya kuma yi wa kifi wani siririn layi a gefen jikinsa, daga kai zuwa wutsiya, wanda da shi yake jin motsin ruwa. Da wannan layi da kuma ido yake sanin inda na kusa da shi ya karkata, shi ya sa garke zai juya gaba ɗaya ba a yi karo ba. Masuntan Tiga da na Wudil ba sa bukatar a yi musu wannan bayani, sun ga yadda kawara da shemani ke tafiya tun suna yara.

To, ɗauki ɗaya daga cikin irin waɗannan ka sa shi shi kaɗai a gilashi mai haske ta kowane gefe. A wurinsa, rashin 'yan uwa a kusa alama ce ta cewa haɗari ya zo kuma kowa ya gudu ya bar shi. Haka zai wuni, haka zai kwana. Ya rage cin abinci, launinsa ya dusashe, garkuwar jikinsa ta yi rauni, sai cutar da da ba za ta kama shi ba ta kama shi. Wasu kuma kaɗaici faɗa yake sa su. Bab mai zane irin na damisa, ɗan asalin tsibiran Sumatra da Borneo, idan yana cikin garke mai yawa da junansu suke tsere da 'yar hayaniyarsu. Idan biyu ne ko uku, sai su koma gatsar wutsiyar sauran kifayen da ke akwatin har su yayyaga ta.

Masu kiwo a ko'ina sun yi ittifaƙi cewa shida ne mafi ƙaranci, goma sun fi. Kuma shidan nan su kasance iri ɗaya. Ja guda, shuɗi guda, mai zane guda, ko sun kai ashirin ba garke ba ne, taron baƙi ne da ba su san juna ba. A nan nake ganin masu sayarwa na da nauyi a wuyansu. Abin da ake yawan ji a bakinsu shi ne, "Alhaji, ɗauki ja biyu, baƙi biyu, ka haɗa da mai zanen nan ɗaya, akwatin zai fi ƙayatarwa." Da ma cewa suke yi, "Alhaji, wannan ba na sayar da shi ƙasa da shida. In kuɗin bai kai ba yau, ka bari sai wani makon." Duk yaron da ya taɓa kiwon tattabaru a gidansu ya san ba a ajiye ɗaya tilo, kuma mai sayar da tattabarun kirki shi zai fara gaya masa haka. Ɗan kasuwar kifin ado da ya yi irin wannan gaskiyar ba zai yi asara ba. Wanda kifinsa ya rayu shi ke dawowa sayen abinci da tsirrai da babban akwati, shi ke turo abokansa. Wanda kifinsa ya mutu sau biyu yakan kai akwatin sito ya rufe.

Akwai kuma abin da ya fi ciniki. Malamanmu sun halatta ajiye tsuntsu ko wata dabba a gida matuƙar za a ba ta haƙƙinta, kuma kowa ya sha jin hadisin matar da ta shiga azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Kifi ba ya kuka, ba ya kartar ƙofa, shi ya sa ake mantawa da cewa shi ma rai ne. Ranar da ka ɗauko shi a leda ka kawo gida, iskarsa da abincinsa da tsabtar muhallinsa duk sun dawo hannunka. Amana ce, ko da kuwa tsawonta bai wuce santimita 4 ba.

Girman akwati ba zai ɗauke mu dogon lokaci ba. Kwalba da ƙaramin kwanon gilashi mai zagaye ba wurin kifin garke ba ne. Ruwa kaɗan yana saurin ɗaukar zafi, yana saurin gurɓata, kuma babu filin tafiya. A fara da mai tsawon santimita 60, wanda ke cin wajen lita 55 zuwa 60, wato jarka biyu da ɗan ɗori. Mai tsawo ya fi mai zurfi, domin ta saman ruwa iska ke shiga, kuma garke a kwance yake tafiya. A tuna kowace lita kilo ɗaya ce, ga nauyin gilashi da yashi, saboda haka teburin da za a ɗora shi sai mai ƙwari.

Inda aikin yake shi ne ruwa, kuma a nan mafi yawan mutane ke faɗuwa, domin abin da ke kashe kifi ba ya ganuwa. Kifi na fitar da amoniya daga jikinsa dare da rana, ta wurin numfashinsa da kuma kashinsa. Ragowar abincin da ya nutse ya ruɓe shi ma amoniya yake zama. A kogi ruwa na gudu yana kwashe ta. A akwati babu inda za ta je. Ko kaɗan ce tana ƙona sassan numfashin kifi, kuma dafinta na ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi. Ruwan na iya zama garau kamar a sha, alhali ya riga ya zama guba. Masu ceton kifi wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zama a jikin soson matata da tsakuwa. Wani rukuni na mayar da amoniya ta zama naitirait, wadda ita ma dafi ce, tana hana jini ɗaukar iska. Wani rukunin ya mayar da naitirait ta zama naitiret, mai sauƙin illa, wadda tsirrai ke sha, saura kuma a rage ta ta hanyar sauya ruwa. Waɗannan ƙwayoyi ba sa taruwa a kwana ɗaya. Sabon akwati na bukatar mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da za su iya ɗaukar nauyin garke. Saboda haka al'adar nan ta sayen akwati da kifi rana ɗaya, a cika a zuba da yamma don baƙi su gani, ita ce ke kashe kifi a makon farko ko na biyu. A cika akwatin, a kunna matata, a riƙa jefa ɗan abinci kaɗan yana ruɓewa ba kifi a ciki, a jira. Wanda ya samu tsohon soso daga akwatin wani mai lafiyayyen kifi ya rage wa kansa makonni. Akwai 'yan takardu da magungunan ɗigawa na gwajin ruwa. Ranar da suka nuna babu amoniya, babu naitirait, ranar ce ya halatta kifi ya shiga.

Wannan bayani shi ke nuna kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya. Uwargida mai tsabta ta ga gilashi ya fara kore, sai ta sa a kwashe kifin a bokiti, a zubar da ruwan kaf, a wanke akwati da tsakuwa da soso da omo, a cika da sabon ruwa. Ta yi aiki, amma ta kashe ƙwayoyin da aka yi wata guda ana tarawa, ga kuma ragowar omo da kifi ba ya jurewa. Abin da ake so ya fi wannan sauƙi. Duk mako a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da siririn tiyo, ana bin ƙasa don kwashe datti, a mayar da sabo wanda zafinsa ya yi daidai da na ciki. Soso kuma a matse shi a cikin tsohon ruwan da aka zuƙo, a mayar. Tsohon ruwan kada a zubar a kwata, taki ne ga shukar zogale ko fulawar tsakar gida.

Sabon ruwan daga ina? A Bompai wannan tambaya ce mai nauyi. Ruwan famfo, inda yake zuwa, ya biyo ta matatun ruwa irin na Tamburawa da Challawa, kuma ana sa masa kulorin don kare lafiyarmu. Kulorin ɗin da ke kashe ƙwayoyin cuta yana kashe ƙwayoyin matata, yana kuma ƙona kifi. A tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana ɗaya ko biyu, ko a ɗiga masa maganin da ake sayarwa don haka. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin, amma yakan fito da ƙarancin iska, wani kuma da ƙarfe a cikinsa, shi ma a bar shi ya kwana. Idan daga mai garuwa ne, a tambaye shi inda ya ɗebo da abin da jarkar ta taɓa ɗauka kafin ta zama ta ruwa. Ruwan rijiya mara zurfi da ke kusa da kwatar masana'anta kuwa, ban ba kowa shawarar ya gwada shi a kan kifi ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi tunanin iyalan da ke wanka da wanki da shi.

Abinci kaɗan ake ba su, abin da za su cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana. A gidan da ke da yara a naɗa mutum ɗaya, in ba haka ba kowa ya wuce sai ya barbaɗa. Babban kifi mai lafiya na jure kwana uku ko huɗu ba ci, don haka mai tafiya hutun Sallah gara ya bar su haka da ya bar gwangwanin abinci a hannun wanda zai juye rabinsa. Sai maganin sauro, wanda littattafan ƙasashen sanyi ba sa damuwa da shi amma mu dole mu damu. Na fesawa da fiya-fiya duk dafi ne mai tsanani ga kifi. Kafin a fesa a ɗaki, a rufe akwatin ruf da tsumma ko leda, a kashe injin iska don kada ya zuƙo maganin ya tura cikin ruwa.

Yanayin Kano shi ma sai an yi masa shiri na musamman. A watan Afrilu zafin rana na kai digiri 40, a Disamba da Janairu kuma sanyin asuba na sauka ƙasa da 15. Mafi yawan kifayen nan sun fi jin daɗi tsakanin 23 da 27. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai: lita ɗaya a digiri 20 na ɗauke da wajen miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 kuwa wajen 7 da rabi, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi bukatarta. Idan ka ga garke ya taru a sama yana buɗe baki, iska ce ta yi ƙaranci. A nisanta akwati daga taga, a kashe fitilarsa da rana, a ɗaga murfi a sa raga, a juya ƙaramar fanka tana kaɗa saman ruwan. Ruwan da ke tashi ya bi iska yana tafiya da zafi, kuma a busasshiyar iskar bazara irin tamu hakan na rage digiri biyu ko uku. Da wannan hikimar ce Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa tukunya cikin tukunya don adana kayan lambu, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Kada a jefa ƙanƙara, sauyin zafi farat ɗaya ya fi zafin kansa illa. Da hunturu kuma a sa ƙaramar hita mai daidaita kanta, a rufe akwati saboda ƙura. A lokacin ne cutar fararen ɗigo-ɗigo ke yawan bayyana a jikin kifin da sanyin dare ya raunana.

Ɗauke wuta kowa ya san shi. Masana'antun Bompai da Sharada da Challawa da dama sun durƙushe, kuma rashin wuta na cikin manyan dalilai. Akwatin kifi ma da wuta yake numfashi. Idan matata ta tsaya na sa'o'i masu yawa, ƙwayoyin cikinta sun fara mutuwa. Maganin ba mai tsada ba ne: ƙaramin injin iska mai caji ko mai aiki da batirin cajin waya, ko a haɗa shi da solar gida, domin abin da yake ja bai kai na ƙwan fitila ba. Sannan a rage yawan kifi, a yawaita tsirrai masu rai. Akwatin da ba a cika masa kaya ba yana jure daren da babu wuta.

Duk wannan ya kawo ni ga tambayar wane kifi ya dace da mu. Wanda ya fi jan ido a kasuwannin duniya shi ne niyon tetra, mai layin shuɗi da ja, ɗan asalin rafukan dajin Amazon, wanda masanin kifi George Myers ya bayyana a kimiyyance a 1936. Yawancin waɗanda ake sayarwa yau a gonakin kifi na kudu maso gabashin Asiya ake ƙyanƙyashe su. Yana da kyau, amma bai son ruwan da ya wuce digiri 26, saboda haka a ɗakin da ba na'urar sanyaya iska mai ɗorewa bazarar Kano wahala ce gare shi. Daniyo mai zane, ɗan Indiya da Bangaladash, ya fi shi juriya nesa ba kusa ba.

Amma akwai wanda nake so mutanen Kano su sani. A 1928 wani masani Bajamushe, Ernst Ahl, ya bayyana wani ƙaramin kifi da aka kamo a kogin Kiyawa, kusa da Katagum. Sunansa a littattafan kimiyya Poropanchax normani, an sa masa ne don girmama J. R. Norman na gidan tarihin Birtaniya. Tsawonsa wajen santimita 4 ne, jikinsa fari-fari mai ɗan sheƙi, a saman idonsa kuma akwai wani shuɗin haske kamar an kunna 'yar fitila. Idan ashirin suka taso tare a akwati mai duhun ƙasa da tsirrai, waɗannan fitilun kaɗai za ka riƙa gani suna yawo. Kifin garke ne, mai zaman lafiya, yana rayuwa a ƙananan rafukan da suka ratsa yankinmu tun daga Senegal har Sudan. Yana liƙa ƙwansa a jikin tsirrai, ya ƙyanƙyashe cikin kamar mako biyu, kuma yana tsalle, don haka sai da murfi. Yau ana sayar da shi a shagunan kifin ado na Turai da Amurka da Japan. Kiyawa kuwa tana cikin tsohuwar Jihar Kano kafin a yanke Jigawa a 1991. Kifin da ya saba da bazararmu da hunturunmu, wanda ƙasar da aka fara saninsa ba ta wuce tafiyar 'yan sa'o'i daga Bompai ba, mu ne ba mu san shi ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Nijeriya ta daɗe tana fitar da kifayen ado ta Legas. Akwai tetra mai jan ido da manyan ɓawo na ƙasan kogin Neja da kogin Ogun, wanda ba a samunsa a wata ƙasa sai tamu, kifin garke ne amma yana bukatar akwati mai tsawon fiye da mita ɗaya. Akwai kifin nan mai dogon haɓa kamar hancin giwa, dangin miligi, wanda ke fitar da raunanan siginar lantarki don gane hanya a ruwa mai duhu. Saurin siginar na sauyawa idan ruwa ya gurɓata, har wasu hukumomin ruwan sha a Jamus suka yi amfani da shi a matsayin mai gadin ruwansu. Kifin kogunanmu ya yi gadin ruwan wasu. Namu ruwan fa?

Bompai ce tsohuwar unguwar masana'antu ta Kano, Sharada da Challawa daga baya suka zo. Ruwan da kamfanonin jima da na saƙa da na roba ke zubarwa a Bompai yana bin rafin Getsi, ya haɗu da Jakara wadda ta kwaso dattin cikin birni, su gangara madatsar Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir. Na Sharada na bin rafin Salanta, ya tarar da na Challawa a kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja. Jima ta zamani da sinadarin kuromiyam ake yin ta. Masu bincike na Jami'ar Bayero da wasu jami'o'i sun sha auna ruwan nan da ƙasar bakinsa da kayan lambun da ake nomawa da shi da kifin da ake kamawa, suna samun kuromiyam da dalma da sauran ƙarafa masu cutarwa. Da wannan ruwa ake ban ruwan latas da kabeji da alayyafo a gefen unguwar Gama da gaba, kuma a Wasai akwai masu su. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya tsaya a bakin Getsi ya ga launinsa ya ji warinsa ya san akwai hannu a ciki, kuma hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, da aka kafa a 2007, da Ma'aikatar Muhalli ta jiha suna da dokokin da suka wajabta wa kowace masana'anta tace ruwanta kafin ta sake shi.

Na san abin da wasu za su ce. A garin da magidanci ke lissafin jarka nawa zai iya saya yau, ga tsadar masara da shinkafa, maganar kifin kallo ai maganar ƙoshi ce. Na ɗauki wannan ƙorafi da muhimmanci, kuma ba na cewa kowa ya sayi akwati. Abin da na sani shi ne mutumin da ya riƙi lita 60 na ruwa da rai a cikinsa tsawon shekara guda ba ya komawa kallon ruwa yadda yake kallonsa a da. Ya san ruwa garau na iya zama dafi. Ya san ɗigo kaɗan na sinadari na iya hallaka garke kafin gari ya waye. Ya san ruwa na iya tsabtace kansa idan an ba shi lokaci kuma ba a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Wannan shi ne ilimin da matatar dattin masana'anta ke aiki da shi, domin can ma ƙwayoyin bakteriya ne ke cinye wani kaso na dattin a manyan tankuna masu iska. Manajan da ke da akwatin kifi a ofishinsa, wanda ba zai yarda a ɗiga masa ko cokali ɗaya na ruwan bayan masana'antarsa ba, ya riga ya san amsar tambayar da mutanen Gama da Wasai ke da haƙƙin yi masa.

Akwai kuma sana'a a ciki. Matasanmu sun koyi ƙyanƙyasar tarwaɗa a bayan gida cikin 'yan shekaru, har ta zama abin dogaro ga mutane da yawa. Ƙyanƙyasar ƙananan kifayen ado ba ta fi wannan wuya ba, kuma ba ta cin fili. Muna da cibiyar ƙyanƙyasar kifi a Bagauda, muna da sashen nazarin kifi a Jami'ar Bayero, ga cibiyar binciken kifin ruwa mai daɗi ta ƙasa a New Bussa. Ina roƙonsu su fara da ɗan Kiyawa: a nemo iri daga rafukan Jigawa da Bauci, a hayayyafa shi a tanki, a koya wa matasa, domin kada a koma kwasar na daji har a ƙarar da shi. Kifin da aka ƙyanƙyashe a Kano bai sha wahalar jirgi da doguwar mota a cikin leda ba, kuma farashinsa zai sauko har mai ƙaramin ƙarfi ya iya sayen goma a tashi ɗaya. Na ƙasashen waje da aka gaji da su kuma kada a sake su a kududdufi ko rafi, a mayar wa mai shago ko a ba wani mai kiwo.

Makarantun sakandaren Bompai da Dakata da Gama nake so su fara. Akwati ɗaya a ɗakin gwaje-gwaje, garke ɗaya, littafi ɗaya da ɗalibai za su riƙa rubuta zafin ruwa da sakamakon gwaji duk mako. Idan hannunsu ya faɗa, malami ya sa safar hannu ya ɗebo musu ruwan Getsi a kwalba, su gwada shi da kayan gwajin nan, ba tare da an sa kifi a ciki ba. Kayan gwajin akwati za su nuna amoniya da naitirait da tsamin ruwa, amma ba sa auna kuromiyam, wannan sai a aika da kwalba ta biyu ɗakin binciken jami'a. Abin da aka samu a rubuta shi da wurin da aka ɗebo da kwanan wata, shugaban makaranta ya sa hannu, a kai kwafi ɗaya ofishin NESREA na Kano, ɗaya kuma Ma'aikatar Muhalli, a maimaita kowane zangon karatu.